ANGO DA AMARYA A BAƘON BIRNI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halatta aure, Ya haramta alfasha. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako ya shafi wani al'amari ne wanda kusan kowa ya san da shi, amma kunya ta hana a faɗe shi a bainar jama'a. Watau al'amarin samari da 'yan mata na ƙauye waɗanda a ke ɗaura wa aure da kaka, kafin lallen amarya ya goge sun hau mota sun nufi Kano, ko Kaduna, ko Abuja, ko Ikko, ko Fatakwal, domin neman abin kai wa baka. Waɗansunsu Allah Ya kan dafa musu, su sami sana'a, su yi renon 'ya'yansu cikin rufin asiri. Waɗansu kuwa, bayan shekara biyu ko uku, sai labari ya iso gida cewa mijin yana kwana a tasha, ƙwaya ta gama da shi, matar kuma tana gidan magajiya. To, ta wace ƙofa ɓarnar ta ke shigowa, kuma wa Shari'a ta ɗora wa alhakin toshe ta?

TAFIYA NEMAN HALALI

Da farko dai ya kamata mu sani, barin gida domin neman abinci abu ne wanda addini ya yarda da shi. A cikin Suratul Mulki, aya ta 15, Allah Ya umurci bayinSa da su yi tafiya a sassan ƙasa su ci daga arzikinSa. Kakanninmu sun yi fatauci har Gwanja suna sayo goro. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, zuwa Kurmi ya ƙara sauƙi, har aka kafa unguwar Sabo a Badun a 1916. Cin rani kuwa tsohuwar al'ada ce: manomi ya kai amfanin gona rumbu, ya tafi birni ya yi dako ko ga-ruwa, in hadari ya fara haɗuwa ya komo.

Amma fa tafiyar mutanen dā tana da tsari. Baƙo ba ya sauka sai a zango, a hannun mai masauki wanda ya san garinsu, watakila ma ya san ubansa. Mai masauki shi ke ajiye masa kuɗi, shi ke tsaya masa wajen ciniki, shi ke tsawata masa in ya ga ya fara karkacewa. Ɗan cin rani kuma ba ya ɗaukar amarya. Ya kan bar ta a gidan gandu tare da iyayensa, rumbu yana cike.

Abin da ya sāke shi ne, yanzu mutane da yawa suna fita ne babu niyyar komowa da damina. Farin 1973 da na 1984 sun kori jama'a masu yawa daga karkara. Gonar gado tana ta ƙanƙancewa da rabo, taki ya yi tsada. Daɗin daɗawa, tun wajen 2011 ta'adin 'yan bindiga ya soma a Zamfara, ya bazu zuwa Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja, ya tashi ƙauyuka, ya hana noma a wurare da dama. Saurayin da ke tsoron a sace masa amarya ba zai yarda ya bar ta a baya ba. Saboda haka sai su fita su biyu, shi bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, ita ko ashirin ba ta kai ba, babu sana'a a hannu, babu wani babba da ke jiransu a can.

YADDA BANGO KE TSAGEWA

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar farko ita ce masauki. Kuɗin hayar ɗaki a unguwar mutunci ya fi ƙarfin baƙo, tun da ma a manyan birane sai an biya na shekara guda a dunƙule. Inda ya ke iya samu shi ne ɗakin langa-langa a bayan tasha, ko kangon da ba a gama ginawa ba, ko wani gidan haya mai ɗakuna barkatai wanda gwauraye da mata masu zaman kansu suka cika, makewayi ɗaya, rijiya ɗaya. A nan zai ajiye yarinyar da ta tashi a gida mai zaure, ya fita tun asuba, ba zai komo ba sai dare ya raba.

Tsaga ta biyu ita ce sana'ar mijin. Yawancin baƙi sun dogara ne ga acaɓa, da turin ruwa, da dako, da gadi, da wankin takalmi. Sana'o'i ne na halal, amma ba su da tabbas. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006, an hana ɗaukar fasinja a babur a birnin Kano a 2013, Jihar Ikko kuma ta haramta shi ɗungum a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni na 2022. Wanda ya karɓi babur bashi, ranar da aka kama babur ɗin ya rasa jari, bashi kuma yana nan a wuyansa. Kafin a kai ga haka ma, abokan aiki sun riga sun koya masa ƙwayar da a ke cewa wai tana kashe gajiya. Yau guda ɗaya domin aiki, gobe biyu domin ɓacin rai. Daga nan sai caca, ko ta karta a bayan tasha, ko ta ƙwallo wadda yanzu ta shigo cikin wayar hannu, yana fatan ya mai da abin da ya rasa a dare ɗaya.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramar masifa ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka bayyana a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a Nijeriya cikin shekara guda, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. A watan Mayu na 2018 sai da Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, saboda yadda matasa, har da matan aure, suka mai da shi abin sha. Allah Ya haɗa giya da caca wuri guda a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, Ya bayyana cewa da su Shaiɗan ke jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, ya kuma kange su daga ambaton Allah da salla. Duk wanda ya ga gidan mashayi ko na ɗan caca ya ga tafsirin wannan aya da idonsa.

Tsaga ta uku ita ce yunwar matar. In kwana biyu sun wuce ba a ɗora tukunya ba, maƙwabciya ce za ta miƙo mata kwanon abinci. Gobe ta ara mata zane, jibi ta ba ta rancen kuɗin magani. Ba za ta ambaci wata alfasha ba tukuna. Sai ta fara da tausayi: yarinya kyakkyawa kamarki, wannan wahala ta mece ce? Sa'an nan ta samo mata aikin wanke-wanke a wurin mai tuwo a bakin tasha, inda direbobi da 'yan kamasho ke zama har tsakar dare. Sa'an nan a ce wani alhaji ya tambaye ta, gaisuwa kawai ya ke so. Kafin yarinya ta farga bashi ya daɗe da ɗaure ta, kunyar komawa gida hannu wofi kuma ta ƙara ɗaure ta. Kawaliya ba ta da gaggawa, gama ta san yunwa na yi mata aiki. Ƙarshen hanyar kuwa sananne ne: saki, ko zaman dadiro, ko cikin da ba a san ubansa ba, ko ciwon sanyi da ƙanjamau.

ABIN DA SHARI'A TA ƊORA WA MIJI

Idan muka duba waɗannan matakai za mu ga alfasha ita ce ta zo daga ƙarshe. Abin da ya riga ta shi ne tozarta haƙƙoƙi biyu waɗanda Allah Ya wajabta wa miji, watau ciyarwa da muhalli. Wannan ita ce hikimar da ta sa a Suratul Isra'i, aya ta 32, kusantar zina aka hana, domin a rufe hanyoyin da ke kai wa gare ta tun daga nesa.

Game da ciyarwa, Suratul Baƙara, aya ta 233, ta ɗora abinci da tufafin uwa a kan uban ɗa gwargwadon abin da aka saba. Suratuɗ Ɗalaƙi, aya ta 7, ta nuna kowa zai ciyar daidai ƙarfinsa, mawadaci da wadatarsa, matalauci da abin da ya samu. Abu Dawuda ya ruwaito hadisi mai nuna cewa tozarta wanda mutum ke ciyarwa ya ishe shi zunubi. Saboda haka kuɗin cefane ba na miji ba ne da zai kai teburin caca. Haƙƙin wata ne a hannunsa. A mazhabarmu ta Malikiyya, in miji ya kasa ciyarwa matar tana da ikon kai ƙara. Alƙali zai ba shi wa'adi gwargwadon yadda ya ga ya dace, in ya cika bai samu ba a sake ta, in kuwa ya sami hali tana cikin idda yana da damar mai da ita. Matan ƙauye da yawa ba su san Shari'a ta buɗe musu wannan ƙofa ba, shi ya sa su kan ɗauka ƙofar magajiya ce kaɗai a buɗe.

Game da muhalli, malamanmu sun yi maganar halin maƙwabta tare da maganar ɗaki. A cikin Muhtasar na Shaihu Halilu an nuna cewa in mace ta yi ta kukan cutarwa, babu shaida, alƙali zai sa a zaunar da su a tsakanin mutanen kirki in dā ma ba a cikinsu su ke ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwatanta abokin zama nagari da mai sayar da turaren almiski, mugu kuma da mai zuga wutar maƙera, wanda ko bai ƙona maka riga ba ka shaƙi wari. Mu ma muna cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Har ila yau, malaman Malikiyya sun sa wa miji sharuɗɗa kafin ya tilasta wa matarsa ta bi shi wani gari. Daga cikinsu akwai: hanyar ta zama mai aminci, shi kansa ya zama amintacce a kanta, ba mai cutar da ita ba, garin ya zama inda hukunci ke gudana, yadda in an zalunce ta za ta sami mai share mata hawaye, kuma kada labarinta ya yanke daga danginta. Ya ɗan'uwa mai shirin tafiya, auna kanka da waɗannan. In ba ka san inda za ka sauke ta ba, ba ka san wanda za ta kai wa kuka ba, to, ka riga ta zuwa, ka nemi ɗaki da sana'a, ka bar ta a hannun iyayenka ko nata, ko wani ɗan'uwa a gari mafi kusa mai aminci, kana aike. Amma kada ka mai da wannan hujjar ɓacewa shekara da shekaru. Allah Ya sa wa mai rantsuwar ƙaurace wa matarsa iyakar wata huɗu a Suratul Baƙara, aya ta 226, an kuma ruwaito Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya iyakance wa mayaƙa watannin da za su yi nesa da iyalinsu.

Akwai wani mataki wanda ya fi duka muni, ko da ya ke faɗarsa da nauyi. Shi ne mijin da ya ga matarsa da sabon zane da kuɗin da bai ba ta ba, ya san inda suka fito, ya kau da kai, har ya miƙa hannu ya karɓi rabonsa. Wannan shi a ke kira dayyusu, watau wanda ba ya kishin iyalinsa. Imamu Ahmad da Nasa'i sun ruwaito hadisi wanda ya lissafa shi cikin mutum uku da aka yi wa narkon haramcin Aljanna. Ke kuma 'yar'uwa, ki sani biyayyar aure tana da iyaka: ba a yi wa abin halitta ɗa'a cikin saɓon Mahalicci, ko da mijinki ne.

MASU CINIKIN MUTUNCI

Kada mu ɗora laifi duka a kan yaran nan biyu mu manta da waɗanda ke cin riba da wahalarsu. Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Ubayyu, shugaban munafukan Madina, yana da kuyangi waɗanda ya ke tilasta wa karuwanci domin ya sami kuɗi, sai Allah Ya saukar da aya ta 33 ta Suratun Nur, Ya hana wannan, Ya kuma yi alkawarin gafara ga waɗanda aka tilasta. To, magajiya da kawali, da mai gidan da ya san abin da a ke yi a ɗakunansa yana karɓar haya, da mai kantin maganin da ke sayar wa yara ƙwaya a ɓoye, da dillalin da ke yaudarar mata da sunan aikatau a wata ƙasa, su duba su ga sawun wa su ke bi.

Mai kuɗin da ke jiran yunwa ta kawo masa matar wani, shi ma ga nasa darasi. A hadisin mutum uku da dutse ya toshe wa bakin kogo, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ɗayansu ya daɗe yana neman 'yar baffansa tana ƙi, har shekarar fari ta matsa mata ta zo wurinsa. Ya ba ta dinari 120 bisa sharaɗin ta ba da kanta. Da ya sami iko a kanta ta tuna masa da Allah, sai ya tashi ya bar ta, ya kuma bar mata dinarin. Da wannan aiki ya yi tawassuli, dutsen ya gusa. Ku lura, fari ne ya kawo ta, kuma abin da Allah Ya karɓa daga gare shi shi ne ya biya mata bukata bai taɓa mutuncinta ba.

HAƘƘIN IYAYE DA MUTANEN ZANGO

Waliyyi bai sauke nauyi ba don ya karɓi sadaki. Kafin 'yarka ta hau mota ka tambayi surukinka unguwar da za su sauka da sunan babban da zai tsaya musu. Wayar hannu ta kawar da uzurin yankewar labari. Iyaye kuma su rage wa yara nauyin lefe da bidi'o'in biki, gama sau da yawa bashin aure ne ke korar ango zuwa birni tun bai shirya ba. Kuma in kuɗi sun fara zuwa daga birni fiye da abin da mai turin ruwa zai iya samu, a tambayi asalinsu kafin a sa albarka.

Mutanen da suka riga suka zauna a birni, su ma akwai nasu. Lokacin da Muhajirai suka isa Madina ba su da gida ba su da gona, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu da Ansaru. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'a ya nemi a nuna masa kasuwa, ya tafi ya komo da ribar cuku da man shanu. Baƙo ya sami mai masauki nagari, mai masauki ya sami baƙo mai zuciyar nema. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi Araba da Sabo, da limaman unguwannin bayan gari irin su Mararraba da Nyanya, da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, suna iya raya wannan sunna: a san duk sabon magidancin da ya sauka, a taimake shi samun ɗaki a cikin masu iyali, a sa shi adashi, a ba shi rance marar ruwa daga zakka da sadakar attajirai ranar da sana'a ta karye.

Matar kuma a haɗa ta da makarantar Islamiyya ta matan aure. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ji ƙansa, a littafinsa Nurul Albabi ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana aika jajis ƙauyuka suna karantar da mata. Macen da ta san haƙƙinta, ta kuma san malama da ƙawaye na kirki a unguwa, kawaliya ba ta samun ta ita kaɗai.

ƘOFAR KOMOWA

Wanda ya riga ya faɗa, namiji ko mace, kada Shaiɗan ya ce masa ya makara. Suratuz Zumar, aya ta 53, ta hana masu laifi yanke ƙauna daga rahamar Allah, Suratul Furƙan kuma, aya ta 68 zuwa ta 70, bayan ta ambaci shirka da kisan kai da zina, ta yi wa mai tuba albishir da musanya munanan ayyukansa da kyawawa. Amma tuba tana bukatar barin wurin. Mutumin nan da ya kashe rai ɗari, malamin da ya ba shi fatawa bai tsaya ga ce masa ƙofar tuba a buɗe ta ke ba, sai da ya umurce shi ya bar garinsu ya koma garin salihai. Wanda ya tuba yana kwana a ɗakin da ya saba, ga bashin magajiya, ga abokan ƙwaya, tubarsa tana cikin haɗari.

A sani kuma zina, duk da girman zunubinta, ba ta warware igiyar aure da kanta. Akwai hukuncin istibra'i, sai a nemi malami ya yi bayaninsa a asirce. Mai shan ƙwaya yana bukatar likita tare da wa'azi. Wadda aka tsare da bashi ko aka yi fataucinta, akwai hukumar NAPTIP da aka kafa a 2003 domin irin wannan, akwai kuma Hisba a jihohin da ke da ita.

Sauran magana tana ga mutanen gida. Da yawa daga cikin yaran nan abin da ya hana su komowa shi ne tsoron bakin mutane, ba daɗin bariki ba. In 'yarku ta komo da ɗan ƙunshinta, ku buɗe mata ƙofa, ku rufe bakinku. Hadisi ingantacce ya yi alkawarin cewa wanda ya rufa wa Musulmi asiri Allah zai rufa masa nasa ranar Alƙiyama. Wanda kuwa ya kore ta da gori, ya sani shi ne ya biya mata kuɗin motar komawa inda ta fito, kuma za a tambaye shi.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka, Ya wadata mu da halal ga barin haram, Ya shiryi waɗanda suka ɓata, Ya karɓi tubarmu baki ɗaya, amin.